Maganin tsargiya ga lakwal: jawabin likita ga mutanen gari

Cikin wani gari na gundumar Madarunfa, jihar Maraɗi, likitan da ke riƙe da gidan likita na karkara ya yi ma ɗaliban yaƙi da jahilci jawabi, maza da mata. Mai gari da liman da mushen lakwal duk suna wurin. Ga abin da ya faɗi, don a karanta shi ga sauran wuraren karatu.

Bayan gaisuwa, likita ya ce tsofaffi su duba damtsensu. Da yawa suna da tabon lamba. Wannan tabo na agana ne. Motocin likita ne sunka bi gari gari suna yin lambar, har cikin 1980 anka shaida agana ta ƙare cikin duniya duka. Kurkunu ma, da ke kwantar da manomi tsakiyar damina, cikin 2013 anka shaida babu shi ƙasar Nijar. Ya ce waɗannan cututtuka biyu an kore su ne da anka je inda mutane suke, ba a zauna jiran mara lafiya shi kawo kansa birni ba.

Haka aikin rigakafin yara yake tafiya. Garin da bai wuce kilomita 5 da gidan likita ba, uwaye ke kai yara da kansu. Daga kilomita 5 zuwa 15, likita ke zuwa bisa moto, da akwatin sanyi na allura. Abin da ya wuce 15, mota ke zuwa. Akwai kuma maganin da ake kawowa lakwal, don can ne yara suke tare, kuma mushe ya san sunan kowa. Kan wannan na lakwal likita ya fi tsayawa.

Mine ne tsargiya?

Likita ya tambaya ko akwai gidan da ba a taɓa ganin yaro shina fitsarin jini ba. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ya ce to, ita ce tsargiya. Zafin rana bai kawo ta. Sammu bai kawo ta. Tsutsa ce, kuma cikin ruwa ake ɗaukar ta.

Ga yadda take zagayawa. Yaro mai tsargiya ya yi fitsari cikin tabki. Cikin fitsarin akwai ƙwai ƙanana, ido bai ganin su. Ƙwan ya fashe cikin ruwa, abin da ya fito ya shiga cikin ƴar katantanwa, irin wadda ke manne ga ciyawa da ganyen bado. Ya yi kamar wata guda ko fiye cikinta, shina yaɗuwa. Daga nan ƙananan tsutsotsi su fito da yawa, su yi ta yawo cikin ruwa. Duk wanda ya shiga ruwan, su huda fatarsa su shige. Ba sai ya sha ruwan ba. Ba shi jin komi, sai ɗan ƙaiƙayi. Tsutsar ta girma cikin jini, ta je ta zauna ga jijiyoyin mafitsara. Bayan wata biyu ko uku ta fara zuba ƙwai, ɗaruruwa kowace rana. Ƙwan ne ke yi ma mafitsara rauni, shi ya sa jini ke fitowa ga ƙarshen fitsari. Tsutsa ɗaya tana iya yin shekara uku zuwa biyar cikin jikin mutum.

Katantanwar tana son ruwan da ke kwance ko mai tafiya sannu: tabki, fadama, kududdufin da gulbi ya bari, da hanyoyin ruwa na noman rani, irin na Jiratawa ko na Ƙwanni ko na bakin kogin Kwara. Tsutsotsin kuwa sun fi fitowa da rana tsaka, daidai lokacin da yara ke faɗawa ruwa don zafi.

Nan wani dattijo ya ce: likita, mu duka mun yi wannan fitsari muna yara, ga mu kuwa da furfura. Wasu ma cewa suke alamar yaro ya fara zama namiji ce. Mutane sunka yi dariya. Likita bai yi ba. Ya ce: Baba, gaskiya ne ba kowa take kashewa ba. Amma jinin da ke zuba kaɗan kaɗan kullum, wane ne ke maida shi? Yaro shi yi fari, shi rame, shi gaji da wuri, shi yi barci cikin aji, a ce raggo ne. Bayan shekaru kuma raunin shina iya toshe hanyar fitsari, ƙoda ta lalace. Wani sai ya manyanta ciwon daji shi kama mafitsararsa, ba wanda zai tuna da tabkin da ya yi wanka shina ɗan shekara goma. Dattijo ya yi shiru.

Ranar magani

Cikin 2004 ƙasar Nijar ta fara rabon maganin tsargiya ga yara da yawa lokaci guda, wuraren da cutar ta yi yawa. Sunan maganin farazikantel. Ƙwaya ce fara, doguwa, mai ɗaci. Kyauta ake ba da ita. Sau da yawa ana haɗa ta da ƙwaya guda ta tsutsar ciki. An fi nufin yara daga shekara 5 zuwa 14.

Ba a ba kowa daidai da kowa. Akwai sanda mai zane da ake jingina ga bango, yaro shi tsaya ba takalmi, a ga tsawonsa. Mai santimita 94 zuwa 109, ƙwaya guda. Mai 110 zuwa 124, guda da rabi. Mai 125 zuwa 137, biyu. Haka take hawa, har babban mutum dogo shi sha biyar. Yaron da bai kai zanen farko ba, ba a ba shi ga lakwal. In shina fitsarin jini, a kai shi gidan likita. Wanda ke kwance da ciwo ranar, shi ma a jinkirta mishi. Kuma gaban mai rabo ake haɗiye ƙwayar. Ba a sa ta aljihu a ce sai an je gida.

Abu guda likita ya maimaita har sau uku: kada yaro shi sha maganin nan da yunwa. Cikin da babu komi, maganin shina sa jiri, da murɗar ciki, da amai. Yaro guda ya faɗi ga filin lakwal, labari shi bi gari kafin azahar, baɗi kuwa uwaye su ɓoye ƴaƴansu. Ya ce laifin ba na ƙwaya ba ne, na safiyar da anka fito ba kalaci ne. Ɗumamen tuwo ya isa. Fura mai kauri ta isa. Kunu da ƙosai sun isa. Gidan da babu, maƙwabta su taimaka, ko gari shi tara tiya kaɗan ta hatsi a dama kunu ga lakwal ranar. Ko an ci abinci, wani yaro shina jin ɗan jiri, musamman wanda tsutsa ta yi ma yawa. A zaunar da shi inuwa, a ba shi ruwa. Kafin dare ya wuce. In bai wuce ba, ko jikinsa ya kumbura, a kai shi ga likita nan da nan.

Wata mata ta ce: likita, an ce ƙwayar tana hana haihuwa, shi ya sa ake nacin ba ƴan mata. Likita ya ce: Inna, na gode da kinka faɗi gaban jama'a, don da yawa suna faɗin haka bayan zana. Ya ce ƙwayar ba ta taɓa haihuwa. Tsargiyar da ba a yi ma magani ba ita ke taɓa ta. Ƙwan tsutsar ba mafitsara kaɗai yake tsayawa ba. Ga mace shina shiga gabanta da hanyar mahaifa, shi yi rauni. Yarinya ta girma da ciwon mara da zubar jini. A yi mata aure, haihuwa ta yi wuya, a yi ta kai ta ga boka, har miji shi sake ta. Ya ce ƴan mata su ke wanki da wanke-wanke bakin tabki, ƙafa cikin ruwa. Yaro namiji shina nuna ma abokansa jan fitsari, amma yarinya kunya ke hana ta faɗi. Sai uwa ta tambaye ta.

Yaran da ba su lakwal

Nan maganar ta yi nauyi. Mushe ya kawo littafinsa, ya faɗi yawan ƴan lakwal. Likita ya ce a duba tabki da rana, a ga ko yaran da ke ciki duka suna cikin littafin nan. Kowa ya san ba su ciki. Akwai ƴan makarantar allo. Akwai ƴan mata masu talla. Akwai yaran da ke kiwo, da ƴaƴan Fulani da Buzaye da ke sauka gefen gari suna shayar da bisashe. Katantanwa ba ta tambayar ko yaro shina da allo ko kaye. In yara ɗari sunka sha magani, goma ba su sha ba, goman nan sun isa su sake zuba ƙwai cikin tabki, ɗarin su koma su ɗauka. Don maganin shina kashe tsutsar da ke cikin jiki ne, ba shi hana wata shiga. Shi ya sa ake sake rabo.

Ya ce ranar rabo, lakwal ta kowa ce. Yaron da bai taɓa shiga aji ba shina da rabonsa daidai da ɗan aji. Liman ya ce: likita, almajiraina fa, iyayensu suna nesa, wa zai ba da izini? Likita ya ce: Malam, kai ne ubansu nan. Liman ya ce shi da kansa zai kawo su, kuma zai faɗi ma malaman sauran makarantu bayan sallar Juma'a. Wannan ya fi shelar maroƙi goma, don maganar liman ba ta faɗuwa ƙasa.

Maganar hana yara shiga ruwa, likita bai daɗe kanta ba. Ya ce shi ma ya san ba a ɗaure yaro cikin bazara. Abin da ya yiwu: kada kowa shi yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa ko bakinsa, a yi salga gida da lakwal, a yi wanka da ruwan rijiya ko na famfo. In dole sai ruwan tabki, a ɗebo a aje shi kwana biyu. Tsutsar ba ta wuce haka da rai in ba ta samu jikin mutum ba.

Masu zuwa har gida da damina

Daga nan ya taɓo ƙanana, waɗanda ba su kai lakwal ba. Cikin 2006 gwamnati ta yanke a riƙa duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta. Cikin 2013 kuma anka fara ba da maganin rigakafin masassarar sauro da damina, wuraren Magarya, Madawa, Buza, Gidan Rumji da Madarunfa, daga baya ya yaɗu. Ana ba yaro daga wata 3 har shi kusa cika shekara 5. Masu rabo ke bin gida gida, sau ɗaya kowane wata, daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba. Ranar farko ƙwaya biyu, gabansu. Su bar ma uwa ƙwaya biyu: guda gobe, guda jibi.

Nan ake yin asara, in ji likita. Uwa ta ga yaro lafiya lau, ta ɗaure sauran biyun ga bakin zane, ta ce sai ranar da ya yi zafin jiki. Ko ta raba ma yayansa. Kwana ukun nan tare suke aiki, su tsare yaro kamar wata guda. Guda kaɗai ba ta isa. Kuma in yaro ya riga ya kamu da masassara, ba wannan ne maganinta ba, gidan likita za a kai shi a gwada jini. Gidan sauro ma ba a naɗe shi don an sha ƙwaya.

Mai gari ya kawo kuka. Ya ce bara an sa rana, mata sunka bar gona, sunka zauna gindin gawo har la'asar, moto ba ta zo ba. Likita bai musa ba. Ya ce wata rana ƙorama ce ta cika, wata rana babu mai. Amma kukan gaskiya ne: matar da ta yi asarar yinin noma sau ɗaya, da wuya ta sake fitowa. Sunka shirya, in tafiya ta ɓaci, a kira mai gari da tarho tun da safe, a sa wata rana nan take. Ya ce kuma kowace uwa ta zo da karnen yaro. Ciki ne ake ganin allurar da ya samu da wadda ta rage, kamar ta ƙyanda da ake yi in ya cika wata 9, a ƙara ta biyu cikin shekararsa ta biyu. Karnen da gara ta ci, ko wanda anka naɗe goro da shi, ba shi gaya ma likita komi.

Aikin masu karatu

Ƙarshe likita ya juya ga ɗaliban. Ya ce shi mutum guda ne, garuruwansa da yawa, bai san ɗan wane ke kiwo ba, bai san ɗiyar wane ke talla ba. Su sun sani, kuma yanzu suna rubutu. Ya roƙe su su ɗauki kaye, su bi unguwa unguwa, su rubuta sunan kowane yaro da na mai gidansu da shekarunsa, ɗan lakwal da wanda ba ɗan lakwal ba, har da na rugage. Ranar rabo, wanda ya sha a sa mishi alama. Wanda babu alama gaban sunansa, a aika a nemo shi kafin masu magani su tashi. Uwar da ba ta karatu kuma, a karanta mata ranar da anka rubuta ga karne.

Nan take anka zaɓi mutum huɗu, maza biyu mata biyu, kowa da unguwarsa. Mushe ya ba su kaye da biro. Mai gari ya ce shi zai aika ma ardo. Maroƙi kuma zai yi shela sau biyu: da maraice ana gobe rabo, da kuma da asuba, don kowane gida shi ɗumama tuwo kafin yara su fita.