Kalmar Ƙadar a Ibrananci: Ma'anarta da Asalinta



Maganarmu ta yau a kan aikatau ɗaya ce ta harshen Ibrananci, watau ƙadar, wadda aka gina da baƙaƙe uku: ƙ, d, r. Wanda ya tashi a ƙasar Rano ko Kibiya ya riga ya san abin da take nufi, ko bai taɓa jin ta ba. Da damina, sai rana tana tsaka, hadari ya taso daga gabas, duwatsu su dushe, gari ya yi baƙi ƙirin. Wannan rufewar da ke auka wa abu mai haske ita ce ƙadar. Duhun dare na yau da kullum kuwa, da wata kalma dabam suka fi kiransa, watau hoshek.

Ga shaida daga Littafi Mai Tsarki. A 1 Sarakuna 18:45, bayan fari mai tsanani a zamanin Sarki Ahab, da ita aka kwatanta yadda gizagizai suka rufe sama kafin ruwa ya sauko. A Yowel 2:10 rana da wata ne suka dushe. A Ayuba 6:16 kuwa rafuffuka ne suka gurɓace saboda narkewar ƙanƙara. Daga nan ma'anar ta koma kan ɗan Adam, domin a Zabura 35:14 ita ce siffar mai makokin mahaifiyarsa. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tun da shi ma baƙin ciki yake cewa. Masana da yawa suna danganta sunan Kedar ɗan Isma'ilu, da na kwarin Kidron na Urushalima, da wannan tushe.

To, ina asalinta? A nan ne ɗalibi ke tuntuɓe. Kunne yakan ruɗe shi ya ce ai ƙaddara ce. Amma ƙaddara daga Larabci muka aro ta, ma'anarta hukunci da iko, babu ruwanta da duhu. Ƙamusun Brown da Driver da Briggs na 1906 ya gwama ƙadar da kalmar Larabci ƙazira, mai harafin zalun, watau abu ya yi dauɗa. Sai dai akwai matsala. Bisa ƙa'ida, zalun na Larabci yakan fito da z a Ibrananci, da d a Aramiyanci: zinariya zahab ce a Larabci, zahav a Ibrananci, dehav a Aramiyanci. Ke nan da z ya kamata mu same ta. Saboda haka waɗansu suka karkata ga kadira, mai kafun, watau ruwa ya gurɓace, tushen da aka siffanta taurari da shi a Suratut Takwir. Wannan ya fi dacewa da rafuffukan Ayuba, ko da yake harafin farko ya saɓa.

Hadari namu fa? Gaskiya ne Joseph Greenberg, a littafinsa na 1963, ya sanya Hausa da Larabci da Ibrananci a babban gida ɗaya. Amma zumuntar harsuna ba ta mai da kowace kalma 'yar'uwar mai kama da ita. Kama da wane ba wane ba ne.

Abin da nake roƙo ga mai fassara, malami ne ko ma'aikacin ofis, shi ne ya auna asalin kalma da ƙa'idar sauti, ya ɗauko ma'anarta daga wuraren da aka yi amfani da ita. Wanda ya fassara ƙadar da ƙaddara ya mai da kukan mai makoki hukuncin Allah, ya kuma sa wa littafi maganar da bai faɗa ba.