Shekara 12 A Bakin Gadon Aboki

  

Yau labarin wasu maza biyu na kawo mana, 'yan ƙwallo, daga can ƙasar Amurka. Na san wata za ta ce, mu da muke cikin gida ina ruwanmu da 'yan ƙwallo? To ki yi haƙuri ki saurara, ƙwallon kaɗan ce a cikin labarin. Mafi yawansa jinya ce, jinya kuwa babu wadda ba ta san ta ba a cikinmu.

Wasan da suke yi shi ne ƙwallon kwando, wanda ake yi da hannu, mutum biyar-biyar, kowane ɓangare na ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin ragar da aka rataye a sama. Sunan ɗaya Maurice Stokes, an haife shi a 1933. Ɗayan kuma Jack Twyman, an haife shi a 1934. Dukansu 'yan yankin birnin Pittsburgh ne, amma Maurice baƙar fata ne, Jack kuwa Bature. Ki riƙe wannan a ranki, domin a wancan zamani a jihohi da yawa na Amurka baƙi da Turawa ba sa zama makaranta ɗaya, ba sa cin abinci wuri ɗaya. Sai a 1964 aka yi dokar da ta haramta irin wannan wariya a wuraren jama'a.

A shekarar 1955 ƙungiya ɗaya ta ɗauke su, ana kiranta Royals, wadda a 1957 ta koma birnin Cincinnati da zama. Maurice ƙato ne, tsawonsa ya kai mita 2, ga ƙarfi ga iya wasa. A shekararsa ta farko shi aka ba kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa, kuma shekara uku da ya yi yana wasa, duk shekara sai an zaɓe shi cikin taurarin ƙasar.

Ranar 12 ga Maris, 1958, suna wasa a birnin Minneapolis, Maurice ya yi tsalle, ya faɗo, kansa ya bugu da ƙasa, ya suma. Aka shaƙa masa wani magani mai kaifin wari, ya farfaɗo, ya koma ya ƙarasa wasan. Bayan kwana uku suka sake wasa a birnin Detroit. A cikin jirgin sama, a hanyarsu ta komawa gida, ciwo ya taso masa, ya fita hayyacinsa. Daga filin jirgi sai asibiti. Ya yi makonni bai san inda yake ba. Da ya farka, hankalinsa garau, yana ji, yana gane kowa, amma jiki ya shanye, baki ya mutu. Buguwar nan ta lalata ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi. Shekararsa 24 kacal.

Bari in ɗan tsaya a nan, uwargida. Idan yaro ya faɗo ya bugu a ka har ya suma, ko ya fara amai, ko barci mai nauyi ya kama shi, ko ya rikice, kada ki ce ai ya tashi yana wasa. A sanar da maigida, a kai shi asibiti a ranar. Ciwon ka yakan ɓuya kwana biyu ko uku kafin ya bayyana. Ita kanta hukumar wasan ta Amurka, NBA, tun 2011 ta kafa ƙa'idar cewa wanda ya samu irin wannan buguwa ba ya komawa fili sai likita ya tantance shi.

To mu koma kan Maurice. Kakar wasa ta ƙare, 'yan wasa suka watse, kowa ya nufi garinsu. Iyayensa suna Pittsburgh, tafiyar sama da kilomita 400, kuma ba masu hali ba ne. Kuɗin asibiti yana ta hauhawa. Yana da kimanin dala 9,000 a banki, amma ba wanda zai iya taɓawa, tun da mai su ba ya magana, ba ya iya sa hannu.

Jack shi a Cincinnati yake zaune. Shekararsa 23, yana da nasa iyalin da zai ciyar. Kuma abin da zai ba ki mamaki, kafin wannan lokaci su ba wasu aminai ba ne na ƙut da ƙut, aiki ne ya haɗa su. Daga baya da aka riƙa tambayarsa dalili, amsar da yake bayarwa ba ta da tsawo: mutumin nan ba shi da kowa a kusa, dole wani ya yi wani abu, shi kuma shi ne yake wurin.

Sai ya je kotu ya nemi a naɗa shi waliyyin Maurice, aka naɗa shi. Da wannan ya samu ikon biyan kuɗin magani daga asusun. Ya bi hukumomin jihar Ohio har aka amince cewa a bakin aiki Maurice ya ji ciwo, aka riƙa biyan diyyar ma'aikata. Ya kuma shirya wasan neman taimako duk shekara a wani otal mai suna Kutsher's a jihar New York, inda manyan taurari irin su Wilt Chamberlain suke zuwa su yi wasa kyauta, kuɗin ƙofa ya tafi jinya.

Amma kin san jinya ba kuɗi ba ce kawai. Yaya za a yi hira da wanda ba ya magana? Jack yakan zauna a bakin gado ya riƙa karanto haruffa ɗaya bayan ɗaya. In ya zo kan wanda Maurice yake nufi, sai Maurice ya ƙifta ido. A rubuta wannan, a sake farawa daga farko. Haka har kalma ta haɗu, har jimla ta fito. Ki auna haƙurin da wannan yake bukata, ke da kika san yadda ake lallashin mara lafiya ya sha cokali biyu na kunu.

Shi ma Maurice bai kwanta ya miƙa wuya ba. Kullum yana fama da masu gashin jiki da motsa gaɓoɓi, har ya fara furta wasu kalmomi, ya fara motsa hannu, ya koyi danna na'urar buga rubutu. Abin da ya fara bugawa, 'yar wasiƙa ce zuwa ga Jack, yana tambayarsa ta yaya zai iya gode masa. Jack yakan ɗauko shi a keken guragu ya kai shi gida ya ci abinci tare da matarsa da 'ya'yansu. A nan sai mu yaba wa matar. Mijin da yake raba lokacinsa tsakanin gida da asibiti shekara da shekaru, in uwargida ba ta ba da goyon baya ba, abin ba zai ɗore ba.

Yanzu ina addini ya shigo? Jack Kirista ne ɗan ɗarikar Katolika, a makarantarsu ya yi sakandare. Maurice ma a wata kwalejin Katolika ya yi karatu, Saint Francis, a wani ƙaramin gari mai suna Loretto. Idan Kirista ya dubi wannan zumunci, akwai labarai biyu a Littafi Mai Tsarki da za su faɗo masa a rai.

Na farko yana cikin Linjilar Luka, sura ta 10. Wani ya tambayi Yesu Almasihu ko wane ne maƙwabcinsa da aka umarce shi ya ƙaunata. Sai ya ba shi misalin matafiyi da 'yan fashi suka yi wa dukan kawo wuƙa a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Manyan masu addini biyu, 'yan ƙabilarsa, suka gan shi suka ratse. Wanda ya tsaya Basamariye ne, daga ƙabilar da ba sa ga maciji da juna. Ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya, ya kuma yi alkawarin zai dawo ya cika duk abin da aka ƙara kashewa. A fahimtar Kiristoci, maƙwabtaka ba sai an haɗa jini ko launi ba. Wanda ka tarar a kwance a kan hanyarka, shi ne naka. Kuma ki lura da alkawarin dawowar nan, domin tausayin rana ɗaya kowa yana iya yi. Wani abin sha'awa, asibitin da Maurice ya yi shekarunsa na ƙarshe a Cincinnati sunansa Good Samaritan, wato Basamariye Nagari.

Na biyu labarin Dawuda ne da amininsa Jonatan, waɗanda suka yi wa juna alkawari tun suna samari. Jonatan ya mutu a yaƙi, ya bar ɗa gurgu mai suna Mefiboshet. Bayan Dawuda ya zama sarki, shi da kansa ya sa aka nemo yaron, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya ce a teburinsa zai riƙa cin abinci. Daga nan Kiristoci suke ɗaukar abota a matsayin alkawari da aka ɗauka a gaban Allah, wanda ba ya ƙarewa don amfani ya ƙare, ko don ɗaya ya mutu.

Haka kuwa aka gani. Jack ya daina wasa a 1966, amma bai daina zuwa asibiti ba. Ranar 6 ga Afrilu, 1970, Maurice ya rasu sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 36, bayan shekara 12 yana jinya. Kamar yadda ya roƙa, aka binne shi a makabartar limaman kwalejinsu a Loretto. Ko a nan Jack bai ajiye abin ba. Ya yi ta neman a sa sunan abokinsa a zauren karrama gwarazan ƙwallon kwando, har aka sa shi a 2004, shekara 34 bayan rasuwarsa, kuma Jack ne ya karɓi karramawar a madadinsa. Shi ma ya rasu a 2012 yana da shekara 78. A 2013 hukumar NBA ta ƙirƙiri kyautar shekara-shekara da sunan su biyun, wadda ake ba ɗan wasan da ya fi kula da abokan wasansa. Jack ya sha faɗa cewa abin da ya ƙaru da shi daga Maurice ya fi abin da ya ba shi.

To 'yar uwa, sai mu dubi kanmu. Kowace a cikinmu tana da ƙawayen ƙuruciya, waɗanda muka yi gaɗa da 'yar carafke tare, waɗanda suka raka mu ɗakin miji. Aure ya raba mu, wata tana wannan unguwa, wata tana wancan gari. A cikinsu akwai wadda ciwo ya kwantar, akwai wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Lokacin biki mukan haɗu, amma bayan sati biyu da kwanciyarta wa yake leƙa ta? Hausawa suna cewa zumunta a ƙafa take. In ƙafarki ba ta fita, ƙafar ɗanki tana fita, a aika shi da kwanon abinci. Ga waya a hannu. Ga kuma neman izinin maigida a je dubiya da daddare. Kada ki ce ai ba mu shaƙu sosai ba, akwai waɗanda suka fi ni kusa da ita. Jack ma ba shi ne aminin Maurice ba a ranar da ya faɗi, a bakin gadon asibiti amincin ya ƙullu.

Kafin mako mai zuwa, ki tuno mutum ɗaya, ki aika a gaishe ta, ki kuma sake aikawa a makon da ke biye.

A nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lada. Sai wani makon in Allah ya kai mu, a huta lafiya.