Rahila ta mutu a kan hanya

Karatu: Farawa 35:16-20



A karatunmu na yau, Yakubu ya taso daga Betel da iyalinsa. Da sauran tafiya kafin su kai Efrata, naƙuda ta kama Rahila. Ungozoma tana wurin, ta ƙarfafa ta, yaro ya fito da rai, amma uwar ba ta tashi ba. A bakin hanya aka binne ta.

Ba sai na fassara wa mutumin Birnin Gwari wannan labari ba. Tsakaninku da Kaduna ya fi kilomita 100, kuma shekara da shekaru masu bindiga na cikin daji suka riƙe hanyar. A 2021 gwamnati ta rufe layukan waya, ta hana hawan babur. To, macen da jini ya ɓalle mata da tsakar dare, da me za a kira mota, a kan me za a ɗauke ta? An yi sulhu a Nuwamba 2024, kasuwar shanu ta sake buɗewa, mun gode wa Allah. Amma kaburburan suna nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki ko haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya duka. Zubar jini ne, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da kuma zubar da ciki a ɓoye. Saboda wannan na ƙarshe waɗansu likitoci suke cewa a halatta zubar da ciki, a yi shi a asibiti. An kai maganar Majalisar Wakilai a 1981, ta faɗi. Ministan lafiya Olikoye Ransome-Kuti ya sake ta da ita a 1991, jama'a suka ƙi. A 2022 Jihar Legas ta fitar da ƙa'idoji ga likitoci, ba a daɗe ba aka dakatar da su. Kirista da Musulmi, bakinmu ya zo ɗaya.

Ni ma ban canza ba. Ɗan da ke ciki rai ne, Allah ne yake siffanta shi. Amma cewa a'a ba ta da tsada, ko kwabo ba ta ci mana ba. Yarinyar da aka sace, ta dawo daga daji da ciki, wa ya je gidansu? Wadda ta sha sassaƙe ko ƙwayoyin kemis a ɗaki, sau da yawa ba doka take tsoro ba. Bakinmu take tsoro, da sanarwar horo ranar Lahadi. Idan gulmarmu ce ta kore ta har ta mutu da abin da ke cikinta, rai biyu ke nan, kuma za a tambaye mu.

Ku kuma sani, dokar ƙasa ta yarda likita ya cire ciki domin ceton ran uwa. Maigida, in likita ya ce ɗan ya mutu a ciki, ko cikin ya zauna a wajen mahaifa, sa hannu a takarda. Kada ka tsaya jiran Fasto. Wadda ta yi ɓari kuwa tana zubar da jini, a kai ta asibiti tukuna, tambaya daga baya.

Dattawa, ku ware wani abu daga baiko domin kuɗin mota da na jini. Zumuntar Mata, ku san kowace mai ciki a ikkilisiyarku, da watanta, da ko tana zuwa awo. Wadda take ƙauye mai nisa, ku ba ta ɗaki a gari tun wata na takwas.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka tsare matan da ke naƙuda a daren nan, da direbobin da za su ɗauke su, da yarinyar da take ɓoye cikinta ba ta gaya wa kowa ba. Cikin sunan Yesu, Amin.