Kwana Nawa Kaza Ke Kwanci?

Yau zancen kaza za mu yi, da ƙirgen kwanaki.

Kowa a nan ya san zabuwa ba ta iya renon 'ya'ya ba. Saboda haka da damina mukan ɗebi ƙwanta mu sa wa kaza ta kwanta a kai. Wannan dabara ce mai kyau. Amma ga inda mu ke yin hasara: sai mu haɗa ƙwan kaza da na zabo a gurbi ɗaya, rana ɗaya.

Ƙwan kaza kwana 21 ya ke yi kafin a ƙyanƙyashe shi. Na zabo kuwa sai ya yi kwana 26 zuwa 28. To, ran da kaza ta ga 'yan tsakinta sun fito sun bushe, ba ta ƙara zama. Sai ta tashi da su neman abinci, ta bar ƙwan zabin ya yi sanyi. Mu kuwa sai mu ce ɓaragurbi ne, mu zubar. Da mun fasa ɗaya, da mun tarar da ɗan zabo a ciki ya mutu, saura kwana kaɗan ya fito. Wannan ba laifin kaza ba ne, ita ba ta shiga aji ba.

Ga yadda za mu yi. Mu fara sa ƙwan zabo shi kaɗai. Bayan mako guda mu ƙara na kaza, sai su fito kusan tare. Kowane ƙwai mu rubuta masa ranar da muka sa shi, da fensir, a jikin ɓawon. In ran Juma'a muka sa na kaza, Juma'a ta uku za mu ji kukan 'yan tsaki. Agwagwar gida ta fi su daɗewa, kwana 35 ta ke yi. Talotalo kwana 28.

Tattabara dabam ta ke. Ƙwai biyu ta ke yi, ita da mijinta suna kwanci bi da bi, kwana 18 ko kusa da haka. Amma ɗanta tsirara ya ke fitowa, idonsa a rufe, iyaye ne ke ɗura masa abinci baki da baki. Sai ya yi kamar wata guda a sheƙa kafin ya iya tashi. Kada mu bar yara su ɗauke shi kafin nan. Ɗan tsako kuwa, ran da ya fito ya ke tafiya da ƙafarsa.

Waɗansunmu sun ga injin ƙyanƙyasa. Zafin kaza ya ke kwaikwayo, ba ya rage ko kwana ɗaya daga cikin 21 ɗin nan. In ɗan tsako ya fito a jiƙe, a bar shi a ciki har gashinsa ya bushe, ko da zai kwana. Yunwa ba za ta kashe shi ba, don ragowar gwaiduwa na cikinsa, tana riƙe shi har kwana biyu. A daina buɗe injin don leƙe, sauran ƙwai na bukatar ɗumin.

Bayan sun fito, mu kife su da uwarsu a akurki, mu ba su tsaki da gara da ruwa a kasko marar zurfi, don kada shirwa ta rage mana lissafi.

Ran Litinin kowa ya zo da ƙwai ɗaya da fensir, mu koyi rubuta kwanan wata a kansa.