Abin da Allura da Zare Suka Yi Mana: Jawabin Shugabar Ƙungiya a Taron Cika Shekara 10



An ce in yi magana a kan shekara 10 da muka yi tare. To, lissafin kuɗi ma'aji za ta karanta muku shi bayan na zauna. Ni a kan shekara ɗaya zan tsaya, wato 2020, domin ita ce ta kusa wargaza mu, kuma har yau akwai waɗanda ba su gama farfaɗowa daga gare ta ba.

Kun tuna yadda abin ya faro. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Legas, muka ce ai can nesa ne. Ranar 11 ga Afrilu aka ce ta shigo Kano. Ba a yi mako guda ba aka kulle gari, sannan ranar 27 ga watan Shugaba Buhari ya ƙara mana mako biyu. Ga azumi ya kama. Kantin Kwari a rufe, Kurmi a rufe, Sabon Gari a rufe. Da aka sassauta, Litinin da Alhamis kaɗai ake fita, kowa na gudu ya yi cefane kafin lokaci ya cika. Ba a yi hawan Sallah ba. Masu niyyar Hajji ba su tafi ba. Yara kuwa tun watan Maris suna gida, sai Oktoba suka koma makaranta.

Mu nan yawancinmu da biki da suna muke ci. Mai ƙunshi, mai kitso, mai dubulan da alkaki, mai turaren wuta, mai ɗinki. Da aka hana taro, sai aka toshe mana kasuwa gaba ɗaya. Zubin mako ya tsaya. Adashen da ba mu taɓa saɓawa ba, sai ga shi mai kwasa ta zo an rasa abin ba ta.

Amma ba kuɗin nake son mu tattauna ba yau. Akwai wata gajiya da ta biyo baya, wadda ba irin ta surfe ko wanki ba ce da za ki kwanta ki tashi garau. Za ki yi barci ki farka jikinki a mace. Ki buɗe rediyo, adadin waɗanda suka kamu. Ki ɗauki waya, sanarwar rasuwa. Tun kina wanke hannu da sabulu kamar yadda aka ce, har ki wayi gari kin daina, ba don kin ƙaryata cutar ba, sai don kin gaji da tsoro. Yaro ya yi ƙaramin laifi, ki rufe shi da faɗan da ya fi laifin. Wadda abin nan bai taɓa ba a cikinmu, ta gode wa Allah.

Ni ya taɓa ni, kuma ban taɓa faɗa muku ba. A cikin kullen nan mahaifiyata ta rasu. Ba a yi zaman makoki ba. Ƙannena na wasu garuruwa ta waya suka yi mini gaisuwa, ni ma ta waya na yi musu. Bayan an buɗe gari a watan Yuli, kowa ya koma harkarsa, ni na kasa. Kekena na ɗinki ya yi wata uku a lulluɓe. Har takardar ajiye shugabancin nan na sa aka rubuta mini, na ɓoye ta a ƙasan akwati.

Abin da ya hana ni miƙa ta ƙarami ne. Da aka raba kayan Inna, sai rabona ya haɗa da wasu tsofaffin zannuwa, sun koɗe, ba mai ɗaura su. Na rasa yadda zan yi da su: ba zan iya bayarwa ba, kuma duk ranar da na buɗe akwatin sai na yi kuka. Wata rana ɗiyata ta ce, "Umma, me zai hana mu yanka su mu haɗa zanin gado?" Na yi mata tsawa. Bayan kwana biyu ni da kaina na ɗauko almakashi.

Muka yanka su murabba'i murabba'i, kowanne kamar tafin hannu biyu. Kullum bayan la'asar sai mu haɗa layi ɗaya. Ina ɗinki ina ba ta labarin kowane zane: wannan da shi Inna ta goya ni, wannan ta ɗaura ranar aurena. Makokin da ba a yi ba, a kan keken nan na yi shi. Ranar da muka gama, na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ce. Wata 'yar'uwarmu, tana nan zaune, ba zan nuna ta ba, ita takunkumi ta kama ɗinkawa da ragowar atamfa. Da ta ji Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce na yadi ya zama ninki uku, sai ta gyara nata, ta sa auduga daga ciki. Wata ta koma ɗinkin hular da ta bari tun tana budurwa. Wata ta koya wa maƙwabtanta haɗa sabulun ruwa ta kan katanga. Wata kuma litattafan yaranta da suka rage ta ɗauka tana rubuta tatsuniyoyin da kakarta ta yi mata. Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, amsar kusan iri ɗaya ce: kuɗin da aka samu kaɗan ne, amma aikin ya riƙe musu hankali.

Me ya sa? Ga yadda na fahimta. Annoba ta ƙwace mana iko da komai. Ba ke za ki ce ga ranar da za a buɗe kasuwa ba, ba ke za ki ce ga ranar da za ta wuce ba. Amma hula, ke za ki zaɓi zare, ke za ki zaɓi zane, kuma tana da farko tana da ƙarshe. A lokacin da kwanaki suka zama iri ɗaya, layin da kika ƙara yau shi ke nuna miki jiya ta wuce. Iyayenmu da suka ce da zaman banza gara aikin kishiya, sun san abin da suke faɗa.

Sai dai kada a ce na ce allura magani ce. Idan mace ta yi makonni ba ta barci, ba ta cin abinci, ba abin da ke faranta mata rai, ko tana cewa gara ta mutu, wannan ya wuce gajiya. A raka ta asibiti, kamar yadda za a raka mai hawan jini. Mazajenmu, da ku nake: kada ku ce lalaci ne ko neman rigima. Haka ma rigakafi. A watan Maris na 2021 ya iso ƙasar nan, kyauta aka yi shi, ni na yi nawa biyu, ga ni tsaye.

Yanzu ga roƙona, abu biyu ne, kuma yau nake so mu yanke. Na farko, akwai 'yan'uwanmu da zubi ya taru a kansu tun lokacin kulle, kunya ta hana su zuwa taro. Dubi kujerun can da ba kowa. Dokarmu ta ce a cire sunan wadda ta daɗe ba ta zuba ba. Ni ina roƙon a yafe musu tara, a raba musu bashin kaɗan-kaɗan, kuma mu je gidajensu da ƙafarmu. Na san kuɗin na kowa ne, wadda ba ta yarda ba tana da haƙƙin ta faɗa, za mu saurare ta.

Na biyu, mu ware yammacin Asabar ɗaya a kowane wata, mu haɗu ba don zubi ba. Kowa ta zo da abin da take yi da hannunta, ta zo da 'yarta. Mai saƙa ta koya wa mai ɗinki, mai ɗinki ta koya wa mai turare. Wadda ba ta da komai ta zo da ƙyallaye, za mu sama musu aiki.

Zanin gadon Inna na zo da shi, yana kan tebur kusa da ƙofa. Wadda take so ta duba yadda aka haɗa bakin, ta same ni bayan an ci abinci. Takardar nan kuwa tuni na hura gawayi da ita.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya bar mu tare. Ma'aji, bismillah.