Zanen Aro da Zanen Kanka: Jawabi kan Wasan Dodanni na Yaranmu

 



An ce in yi magana a kan wasannin da suka ɗauke hankalin yaranmu a nan Sabo. To ni ɗan kasuwa ne, ban saba yin ciniki a kan hajar da ban juya ta na gani ba. Saboda haka na zauna da autana, ya yi ta nuna mini wannan wasa da ake kira Pokémon, har na fahimci kansa.

Wasan nan ya fito daga ƙasar Japan a 1996, a wata 'yar na'urar hannu ta kamfanin Nintendo mai suna Game Boy. Da dodanni 151 aka fara, yanzu sun haura 1,000. Yaro zai kama dodo yana ƙarami, ya yi ta kai shi dambe da wasu, yana ƙara ƙarfi mataki-mataki. Abin da nake so mu lura da shi, jama'a, girma iri biyu ne a ciki.

Na farko shi ne rikiɗa ta dindindin. Akwai wani ɗan ƙadangare mai wuta a jela, Charmander. In ya kai mataki na 16 sai ya zama Charmeleon, a mataki na 36 ya zama Charizard mai fukafukai, kuma shi ke nan, babu komawa baya. Akwai wani kifi, Magikarp, wanda kusan ba abin da ya iya sai tsalle. In yaro ya yi haƙuri da shi zuwa mataki na 20, sai ya zama Gyarados, ƙaton da ake shakka. Wani ma, kamar Kadabra, a wasannin farko ba ya rikiɗa sai an yi musayarsa da aboki. Wannan ya ba ni dariya, na ce ashe har a wasa sai da ciniki.

Amma fa akwai hasara ga mai gaggawa. A waɗancan wasanni, in ka ɗora wa Pikachu dutsen tsawa ya zama Raichu tun yana ƙarami, ya daina koyon sabon salon faɗa da kansa ke nan. Ka sayar da ɗan maraƙi tun bai yi ƙiba ba.

Na biyu shi ne ƙarfin ɗan lokaci. A 2013 aka shigo da abin da suke kira Mega: dodo ya riƙe wani dutse, ya kumbura ya canza kama a tsakiyar faɗa, ana gamawa ya koma yadda yake. A wancan lokacin, dodo ɗaya tak ake yi wa haka a kowane faɗa. A 2019 aka kawo Dynamax, dodo ya zama kamar bene, amma zagaye 3 kawai. A 2022 kuma aka kawo Terastal, ya yi ta ƙyalli kamar lu'ulu'u.

Ba na cewa wannan ba shi da amfani. Dama ɗaya gare ka, sai ka san lokacin da za ka kashe ta, kamar mai jari kaɗan a ranar kasuwa. Kuma ya sa an waiwayi wasu dodanni da aka raina, irin su Mawile.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Da wasan 2019 ya fito, babu Mega a cikinsa sam. Na 2022 ma ya zo babu Mega, babu Dynamax. Sai a 2025 aka dawo da Mega a wani sabon wasa. Amma ƙa'idar Charmander tana nan kamar yadda aka kafa ta a 1996. Ɗaya yaro ne ya yi guminsa, ɗayan kuwa kamfani ne ya ara masa, ya karɓe ranar da ya ga dama. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Kuma maganar ta taɓa aljihu. A Pokémon GO na waya, wanda ya fito a 2016, an saka Mega a 2020, awa 8 yake yi ya sauka. Makamashinsa galibi a faɗan taron dangi ake samu, kuma ban da tikitin kyauta na kullum, ana sayen ƙari da kuɗi. Nawa autan ya taɓa karkatar da kuɗin aike can. Da na tambaye shi ina abin da ya saya, sai ya sunkuyar da kai, don dodon ya riga ya koma yadda yake.

Shawarata ga iyaye, kada mu tsaya ga ƙwace waya kawai. Mu zauna mu tambayi yaro: wannan da za ka biya wa kuɗi, gobe yana nan ko ya tafi? Mu sa wa wasan lokaci, bayan Islamiyya da aikin gida, kuma kada mu bar katin banki a wayar da ke hannunsa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu kasuwa mai albarka.