Kofi Ko Takarda? Jawabi Kan Kulob Ɗin Ces Na Makarantarmu



Kwamitin wasanni ya kawo shawarar a ware kuɗi a sayi babban kofi wanda za a riƙa ba zakaran wasan ces na makarantar nan kowace shekara. An ce in tofa albarkacin bakina, da yake an san ni da wasan tun muna aji uku. To, roƙona shi ne a jinkirta sayen kofin nan. Zan faɗi dalili, ko da yake dalilin tonon asirin kaina ne.

Bayan na gama jami'a na kama aikin gwamnati, kusan kullum in na taso na yi la'asar, sai in nufi wata inuwa kusa da Ƙofar Dawanau inda muke haɗuwa. Gefe guda dattawa na buga dara a ƙasa, gurbi 30, kowa da 'ya'yansa 12, wannan tsinke wancan tsakuwa. Mu kuma 'yan boko muna kan benci da allonmu. Shekara huɗu ina wannan zama, ina ganin kaina gwani. Ran nan sai ƙanin wani abokina, ɗan sakandare da ya zo hutu, ya zauna gabana ya cinye ni sau uku a jere. Na ukun ya fi ciwo. Na riga na ci masa doki a banza, har na fara yi masa ba'a, sai ya miƙo sarauniyarsa layina na ƙarshe. Na sa hasumiyata na cinye ta ina murna. Nan take tasa hasumiyar ta cinye tawa ta tsaya a wurin, ga sarkina a bayan sojojinsa uku, ba gaba ba baya. Dattawan nan har suka ɗago kai, ɗayansu ya ce, "Malam, dara ta ci gida."

Da na huce na tambayi yaron wa ya koya masa. Sai ya zaro wasu takardu a ninke daga aljihu, duk sun yi laushi don sarrafawa. Kowane shafi zanen allo ne da 'ya'ya a jere, a ƙasa an rubuta: fari ya kulle sarkin baƙi cikin taku biyu. Guda goma yake warwarewa kowace safiya. Ya ce mini tarkon da ya sa mini bai tsaya lissafa shi ba, gane shi ya yi, don ya sha ganinsa a takarda.

Daga baya na fahimci masana sun daɗe da sanin wannan. Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Holan, Adriaan de Groot, ya wallafa bincikensa a 1946. Ya riƙa nuna wa 'yan wasa allo na 'yan daƙiƙu, a kawar, a ce su maido da 'ya'yan yadda suke. Gwanaye kan maido kusan duka, 'yan koyo kuwa su rikice. A 1973 William Chase da Herbert Simon a Amurka suka ƙara wani abu: suka watsa 'ya'yan barkatai, yadda ba za su taɓa zama a wasan gaske ba. Sai fifikon gwani ya kusa ɓacewa. Ashe abin da ke kansa fasalin jeri ne da ya saba gani, kamar yadda mahaddaci in ka ja masa baki zai ɗora. Ni kuwa shekara huɗu ina maimaita kurakuraina, ba wanda ya tsayar da ni ya ce dubi nan.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan dabarar Turawa ce. Larabawa na kiran wasan shaɗranji, kuma a Bagadaza zamanin Abbasiyawa gwanaye irin su Al-Adli a ƙarni na 9, da As-Suli wanda ya rasu wajen 946, sun tattara irin waɗannan matsaloli a littattafansu. Sunansu mansuba, wato abin da aka girka. Kalmar kulle sarkin ma, shah mat, daga can ta bi duniya. Nan kusa da mu, a fadar Borno an buga wani nau'insa da ake kira tsatsarandi, har Turawan mulki suka yi rubutu a kansa a shekarun 1930. Na san malamanmu suna da magana a kan wannan wasa, kuma ban zo ba da fatawa ba, ba fagena ba ne. Abin da zan tsaya a kai shi ne kulob ɗin yaranmu ba caca, kuma in an kira salla a rufe allo.

A zamaninmu, mutumin da ya fi nuna amfanin wannan hanya shi ne Laszlo Polgar na ƙasar Hangari, wanda ya koyar da 'ya'yansa mata uku a gida. Autarsu Judit ta sami matsayi mafi girma a wasan a 1991 tana da shekara 15. Littafin da ya fitar a 1994 yana ɗauke da matsaloli 5,334, kuma 306 na farko duk kulle sarki ne cikin taku ɗaya. Taku ɗaya tak! Da na fara su na raina su, sai ga ni ina daɗewa a kan wasu.

Yadda na yi shi ne, minti 15 kullum kafin in fita aiki. Ba na taɓa ɗa sai na gama lissafi a kaina, don a gasa in ka taɓa sai ka motsa. In na ga amsa, sai in tambayi kaina me abokin karawa zai yi ya kuɓuta, domin yawancin amsoshin da ke zuwa da sauri akwai rami a cikinsu. Wadda na faɗi kuwa ina sa mata alama in dawo mata bayan mako guda. Daga kulle sarki na wuce zuwa sauran dabaru: yadda doki ke kai wa sarki da sarauniya hari lokaci guda, da yadda ake ɗaure ɗa ya kasa motsi don sarkinsa na bayansa. Wasannin irinmu a nan ake cinye su, ba a haddar buɗe wasa irin ta zakarun duniya ba, wadda na ɓata wata da watanni a kanta a banza. Bayan wata shida yaron ya dawo hutu. Mun buga huɗu, na ci biyu. Bai ji daɗi ba, ni kuwa har na saya masa tsire.

Yau akwai Lichess a waya, matsaloli ba iyaka kuma kyauta. Amma ɗalibanmu ba a barinsu da waya a makaranta, kuma ina goyon bayan haka. Saboda haka ga abin da nake roƙon ƙungiya. Kuɗin kofin nan a sayi allo shida masu sauƙin kuɗi da babban allon bango guda na koyarwa, sauran a ajiye don buga takardu. Kowace Litinin a manna matsaloli biyar a allon sanarwa, ranar Alhamis malamin kulob ya karɓi amsoshi ya warware su a gaban kowa. Ni na ɗauki nauyin zaɓo matsalolin da kawo su har na shekara guda, in Allah ya yarda. In shekara ta zagayo, mu gayyato wata makaranta a kara, sannan a sake ɗauko maganar kofi.

Ranka ya daɗe shugaban taro, ina roƙon a sa wannan shawara cikin abubuwan da za a ƙuri'a a kansu yau.